Kun Tambaya, Mun Amsa: Lotsa Gilashi Mai Kauri a Tanderu

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: yadda za a ɗauki faifan gilashi mai kauri da aka riga aka narkar ya haɗe, a ɗora shi a kan kasko, a gasa ya lotsa ya zama faranti ko kwano ba tare da ya fashe ba. Duk zafin da muka ambata a nan da ma'aunin Salshiyas ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin farantan gilashi na kayan ɗakin amare. Na haɗa falle shida na gilashin kamfanin Bullseye mai kaurin milimita 3, ya fito lafiya, faɗinsa santimita 40, kaurinsa wajen milimita 19. Da na zo lotsa shi sai na bi jadawalin da na saba da shi na milimita 6, wato digiri 167 a kowace awa. Na buɗe tanderu na tarar ya rabu biyu. Ina kuskuren yake?
*Mai karatu daga Njamena, Cadi*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ɗauki ɓangarorin biyu ki haɗa bakinsu. Idan sun ƙi dacewa, kowanne ya lotsa ta kansa, kuma bakin karayar ya ɗan dakushe, to tun zafi yana hawa ya fashe. Idan sun dace tsaf kuma bakin yana da kaifi kamar reza, a wajen saukowa ne. Da irin saurin da kika ba shi, mun fi zaton tun a hawa ya tafi.

Ga dalili. Ranar da kika haɗa shi, falle shida ne sirara, kowanne yana iya motsi a kan ɗan'uwansa. Yanzu kuwa dunƙule ɗaya ne mai nauyin kusan kilo 6. Gilashi ba ya saurin miƙa zafi zuwa cikinsa. Saman yana fuskantar wayoyin zafi, yana ɗumi yana buɗewa, ƙasan kuma yana rataye a kan kasko mai sanyi. Ƙasa da digiri 540 gilashi a sandare yake, ba ya miƙewa, don haka wannan ja-in-ja tsakanin sama da ƙasa sai dai ta ƙare da tsagewa. Sauri ya haifi nawa ke nan: awa bakwai da kika so ki rage sun ci miki falle shida.

Ga yadda muke ba da shawarar a bi da faifai irin naki:

Daga zafin ɗaki zuwa 540, digiri 50 a awa. Awa goma ke nan. Ki tsaya minti 30.
Daga 540 zuwa 630, digiri 60 a awa. Ki sa tsayuwar minti 90, amma ido ne zai yanke ta.
Daga nan a sauko iya saurin tanderu, murfi a rufe, zuwa 482. Ki tsaya awa 4.
Daga 482 zuwa 427, digiri 15 a awa.
Daga 427 zuwa 371, digiri 27 a awa.
Daga 371 zuwa zafin ɗaki, kada ya wuce digiri 90 a awa.

Jimilla wajen awa 28. Kada yawan ya tsorata ki.

Bari mu ɗan tsaya a kan 482, domin nan ne zuciyar aikin. Wannan tsayuwa muna kiranta zaman sakin jiki. A wannan zafi gilashin bai yi laushin da zai canza siffa ba, amma ya yi laushin da ja-in-jar da ke cikinsa za ta warware. Abin da ake nema shi ne bambancin zafi tsakanin kowane sashe na faifan kada ya wuce digiri 5. Teburin da kamfanin Bullseye ya fitar ya ba milimita 12 zaman awa 2, sannan saukowa mataki uku, da digiri 55, 99 da 330 a awa. Milimita 19 awa 3, sannan 25, 45 da 150. Milimita 25 awa 4, sannan 15, 27 da 90. Milimita 38 awa 6, saukowar farko ba ta kai digiri 7 a awa ba. Ki lura da yadda lissafin yake: in kauri ya ninka biyu, saurin saukowa yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba.

Za ki ce naki milimita 19 ne, me ya sa muka ba ki lambobin 25? Saboda an yi teburin ne don shimfiɗaɗɗen faifai mai kauri ɗaya da ke hucewa daidai ta sama da ta ƙasa. Naki yana zaune a cikin kasko, ƙasansa na riƙe da zafi fiye da samansa. Hawa mataki ɗaya a teburin ya fi asarar faifai. Idan kuma akwai ado da aka liƙa a sama bai narke ya baje ba, wani wuri tudu wani wuri kwari, to ki auna wurin da ya fi kauri ki ninka shi biyu, ki bi lambobin wannan.

A tsofaffin takardu za ki ga 516 a maimakon 482. Shi ne lambar da kamfanin ya fara bayarwa kafin ya sauke ta. Gilashin da ake kira mai lamba 96 kuma a 510 ake zaunar da shi. Kada ki ari lambar wani ki ba wani.

Game da 630: wannan mafari ne kawai. Gilashin Bullseye yana lotsawa tsakanin kusan 620 da 675, gwargwadon faɗin bakin kasko, zurfinsa, da launin gilashin. Baƙi yana saurin laushi, fari wanda haske ba ya ratsa shi yana da taurin kai. Ga mai kauri mun fi son zafi kaɗan da dogon jira, don cikin ya samu laushi tare da wajen. In kin ɗaga zafi don ki yi sauri, fatar ce za ta yi laushi ta ɗauki duk zanen kasko, gefe ya zame ƙasa, tsakiya kuma ba ta kai gindi ba. Daga 600 ki fara leƙawa ta ramin leƙe da tocila duk bayan minti 10, daƙiƙa biyu ko uku kacal, da tabarau da safar hannu ta fata. Da zarar gindin ya taɓa kasko, ki tsallake zuwa mataki na gaba. Ki rubuta zafin da mintocin a littafi. Bayan gashi uku ko huɗu, littafin nan zai fi kowane teburi sanin tanderunki.

Tambaya: Ni mai haɗa tagogin alminiyam ne, kullum ragowar gilashi na taruwa mini a shago. Na haɗa falle uku na milimita 4. Jadawalin gilashin Bullseye zai yi mini? Kuma zan iya sa fasassun kwalabe masu launi a tsakani don ado? Wani da na gwada ya fito da fari-fari a jiki kamar hazo.
*Mai karatu daga Marwa*

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Ragowar taga abin aiki ne mai kyau, amma ya fi gilashin zane irin na Bullseye taurin kai, don haka duk lambobinsa sun fi sama. Yana haɗewa sosai a wajen 820 zuwa 835, yana lotsawa galibi tsakanin 650 da 700, zaman sakin jikinsa kuma a wajen 545 ne. In ka zaunar da shi a 482 kamar ba ka zaunar ba, domin a wannan zafi ya riga ya sandare.

Ga faifanka na milimita 12: digiri 70 a awa zuwa 560, tsayuwar minti 20. Digiri 70 a awa zuwa 670, ka fara leƙe tun daga 630, tsayuwa har zuwa awa ɗaya. A sauko zuwa 545, awa 3. Sannan digiri 25 a awa zuwa 490, digiri 45 a awa zuwa 435, daga nan kada ya wuce 150. Saurin saukowar nan daga teburin da muka ambata a sama muka aro shi, muka hau mataki ɗaya saboda kasko, muka ɗaga matakan zafin su dace da gilashin taga.

Kwalabe kuwa, a'a. Ko gilashin taga ma, kada ka haɗa na falle daban-daban in ba ka gwada ba, domin masana'antu ba su bin haɗi ɗaya. Gilashi biyu da ba su tsuke daidai in suna hucewa, ba zaman sakin jikin da zai sasanta su. Alamar wannan fashewa ita ce tsagar tana bin gefen baƙon gilashin, tana zagaye shi. Ka yanka duk fallenka daga babban falle guda. Kuma ka tabbata ba gilashin nan mai ƙarfi ba ne irin na ƙofar shago da tagar mota, wanda ke wargajewa kamar tsakuwa. Shi ba ya yankuwa.

Hazon da ka gani iri biyu ne. Na farko, fatar gilashi ce ke fara yin ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙanƙara idan ta daɗe sama da 700, kuma datti ne ke tayar da ita: man abin yanka, zanen alƙalami, shatin yatsa, ƙurar hunturu. Ka wanke da ruwa mai tsabta, ka goge da barasar asibiti da takarda mai laushi, ka sa a tanderu nan take, ka rufe. Daga Disamba zuwa Fabrairu, minti goma a kan tebur sun isa ƙura ta sauka masa. Na biyu, tun daga 1959 da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyar, ana shimfiɗa gilashin taga ne a kan narkakken kuza, don haka fuska ɗaya tana ɗauke da burbushinsa. Idan wannan fuska ta tattare wajen lanƙwasa sai ta yi hazo. Fitilar ultrabayolet mai gajeren zango tana nuna ta, tana yin haske fari kamar madara. In ba ka da fitilar, yanki ƙanana biyu daga falle ɗaya, ɗaya a kife ɗaya a rigingine, su shiga gashi tare, ka ga wanda ya fi fitowa garau.

Tambaya: Babbar matsalata ɗauke wuta. Jadawalin awa 28 a Garwa, musamman da bazara, ta yaya? In lantarki ya tafi ana tsakiyar gashi me zan yi?
*Mai karatu daga Garwa*

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da littattafan waje ba su damu da ita ba, mu kuwa ita ce ta farko. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, rabon wuta yana ƙaruwa. Dole mai tanderu ya shigar da wannan cikin lissafinsa kamar yadda yake shigar da kauri.

Ba duk awa 28 ɗin ne masu haɗari ba. In wuta ta tafi ana hawa, kada ka taɓa murfi. In ta dawo, ka duba zafin da ya rage, ka ci gaba daga nan da saurin da ka fara da shi. Abin lura shi ne wasu na'urorin sarrafa zafi in sun farka sukan buɗe wuta gaba ɗaya don su cimma inda suka tsaya. Ga faifai mai kauri wannan kisa ne. Ka san halin taka tun kafin ranar: ka kunna tanderu ba komai a ciki, ka kashe makunni minti 20, ka mayar, ka ga abin da za ta yi.

In ta tafi ana tsakiyar lotsawa, ba a yi asara ba tukuna. Lotsawar za ta tsaya, za a iya ƙarasa ta.

Wurin haɗari shi ne daga fara zaman sakin jiki zuwa ƙarshen saukowa ta biyu. A jadawalin Hajiya ta Njamena awa goma ne: huɗu na zama, kusan huɗu na saukowar farko, biyu na ta biyu. Waɗannan su za ka tsara su faɗo a lokacin da unguwarku ta fi samun wuta, ka ƙirga baya ka san ƙarfe nawa za ka kunna. In wutar ta tafi a nan kuma zafi ya faɗi da kansa ya wuce ƙa'ida, kada ka ci gaba daga inda ka tsaya. Gilashin ya riga ya ɗauki ja-in-ja. Ka mayar da shi zafin zaman a hankali, da rabin saurin hawan farko, ka sake zaman daga farko cikakke, sannan ka sauko.

Akwai gwajin da muke so kowane mai tanderu ya yi sau ɗaya. Ka sa allon gashi da kasko ba gilashi, ka kai 560, ka kashe, ka riƙa rubuta zafin duk minti 15 har ya kai 100. Wannan zai nuna maka saurin hucewar tanderunka in an bar shi shi kaɗai. Tanderu mai bangon bulo yana riƙe zafi, mai bangon auduga mai jure wuta yana saurin saki. In ka ga ƙasa da 371 naka ba ya wuce digiri 90 a awa, to matakin ƙarshe ba ya bukatar lantarki sam, kuma ka rage awa huɗu daga fargabarka. Za ka bukaci ma'aunin zafi mai batir da nasa ƙarfen auna zafi, irin wanda ake kira K, domin in wuta ta tafi na'urar tanderu ma makancewa take yi.

Janareto, ko gurup kamar yadda muke cewa a nan, yana ceto a waɗannan awa goma. Sai dai ka tuna, ko da yake tanderu a zaman sakin jiki kunnawa yake yana kashewa, duk lokacin da ya kunna cikakken ƙarfinsa yake ja. Tanderu mai kilowat 3.5 yana jan kusan amfiya 16 a kan bolt 220, don haka ƙaramin janareton shago ba zai ɗauke shi ba, ka nemi wanda ya fi shi ƙarfi da sarari. Haka nan raunin wuta yana da tasa illar: in bolt ya sauka daga 220 zuwa 190, zafin da wayoyi ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lotsawa ba ta cika jin wannan ba, amma gashin haɗewa a 830 yana iya tsayawa a hanya, gilashin ya daɗe a inda hazo ke kama shi. A watan Maris da Afrilu kuma, da zafin gari ke haura 40, ka sa fanka tana busa akwatin na'urar, ba jikin tanderun ba.

Tambaya: Na lotsa gilashi a cikin kwanon ƙarfe mara tsatsa, wanda muke kira inoks, ya maƙale ya tsage. Da na koma kaskon yumɓu kuma sai wani ƙaton kumburi ya taso a gindin kwanon.
*Mai karatu daga Kusseri*

Amsa: Ƙanena, inoks ya fi gilashi tsukewa in yana hucewa, don haka in gilashi na cikinsa sai ya shaƙe shi. Yumɓu kuma bai kai gilashi tsukewa ba. Ƙa'idar ke nan: a cikin yumɓu ake lotsawa, a bayan ƙarfe ake yafawa. Faranti mara zurfi na inoks mai buɗaɗɗen baki yana iya yi, mai miƙaƙƙen gefe ba ya yi.

Kumburin kuwa iska ce ta rasa hanyar fita. Ka huda ramuka uku na milimita 2 zuwa 3 a wurin da gilashi zai taɓa daga ƙarshe, ka tabbata shafin hana mannewa da ake yi wa kasko bai toshe su ba, ka ɗora kaskon a kan 'yan ƙafafu na bulo, santimita 2 daga allo. In ramukan a buɗe suke amma ya sake tasowa, to zafi ya yi yawa ko jira ya yi tsawo, gilashin gefe yana gangarowa yana tura gindi sama. Rage digiri 15.

Kaskon da masu ginin tukwane na garinku za su yi maka ya wadatar, in ba a shafa masa ƙyalli ba, kaurinsa ɗaya ne ko'ina, kuma gefensa a kwance yake. Ka fara gasa shi shi kaɗai zuwa 750 a hankali, domin yashin da ke cikin yumɓu yana buɗewa farat ɗaya a 573, kuma gara ya tsage ba gilashi a kai. Shafin hana mannewa garin kawolin ne, wato wani farin yumɓu, da garin alumina, rabi da rabi, awo ɗaya na gari cikin awo biyar na ruwa. Shafa huɗu ko biyar, kowace ta gitta wadda ta gabace ta, sannan a busar a 260 na minti 20. Kada ka sa farar ƙasar fentin bango a madadinsa. Faifan kuma kada ya zarce bakin kasko da fiye da milimita 5, in ba haka ba zai rataye a baki. Kwano mai zurfi da gilashi mai kauri gashi biyu yake so, na farko a kasko mara zurfi.

Tambaya: Farantina ya fito lafiya, bayan kwana uku yana kan tebur ba wanda ya taɓa shi na ji ƙas, ya tsage. Na ɗan ɗaga murfi a digiri 200 don ya yi saurin hucewa. Shi ne dalili?
*Mai karatu daga Ngaundere*

Amsa: 'Yar'uwa, ɗaga murfi a 200 yana iya fasa faifai mai kauri, amma nan take yake fasawa, ko cikin 'yan mintoci, balle da iskar asubar Ngaundere. Ki daina, ki jira ya sauka ƙasa da 50. Wanda ya jira kwana uku kuwa ja-in-ja ce da ta zauna a jikinsa tun daga sama: ko zaman sakin jiki ya gaza, ko saukowar farko ta yi sauri, ko an haɗa gilashin da ba su jituwa. Tsagar ƙarancin zama takan yi lanƙwasa, ƙarshenta ya karkata kamar ƙugiya.

Ana iya ganin wannan cuta tun kafin ta fasa, in gilashin mai nuna haske ne. Ki buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta a ɗaki mai duhu, ki sa tabarau irin mai kashe ƙyallin rana, ki karkata kai har fuskar ta yi baƙi, sannan ki riƙe farantin a tsakani. Lafiyayye zai zauna da duhunsa, sai ɗan haske kaɗan a kusurwa. Mai ja-in-ja zai nuna farin haske, in ta yi tsanani har da launuka. In hasken ya bazu a jiki duka, ki mayar da shi cikin kaskonsa, ki hau a hankali, ki ba shi zaman mataki na gaba a teburi. In hasken ya kewaye wani launi guda kawai, rashin jituwa ne, sake gashi ba zai gyara ba, kuma bai kamata a sayar wa kowa shi ba.

Ki kuma duba inda ƙarfen auna zafi yake. In ya lanƙwashe ya kusanci wayoyi ko ya ja baya cikin bango, na'ura za ta nuna 482 alhali gilashin yana wani zafi dabam. Bakinsa ya shigo cikin tanderu aƙalla santimita 3, kasko kuma ya nisanci bango da santimita 5 ta kowane gefe. Bayan kin fitar da faranti mai kauri, ki bar shi kwana ɗaya a kan kwali ko busasshen tsumma kafin ruwa ya taɓa shi ko ki kai shi wajen gogar baki.